Yaro ya tafi USHL ko ya ƙarasa sakandare a gida? Ina neman shawararku

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, don kaina ya ɗaure. Shekararmu 19 a gefen Minneapolis. Yarona na biyu shekararsa 17, ɗan baya ne a wasan hokin ƙanƙara, tun yana ɗan shekara biyar yake kan takalmin nan, kuma aji ɗaya ya rage masa a sakandare. A watan Mayu wata ƙungiyar USHL (gasar hokin matasa ta mataki na ɗaya a Amurka) a jihar Iowa ta zaɓe shi, ya je sansaninsu a Yuni, sun ce ya dawo ƙarshen Agusta. Ga kuma kocin wata jami'a mai buga rukuni na ɗaya a gasar jami'o'i ya yi masa alkawarin rabin kuɗin makaranta, amma sai ya yi shekara biyu a gasar matasa tukuna. Da baki ne, babu takarda.

Uwarsa ta ce ba inda za shi sai ya karɓi takardar gama makaranta a gabanta. Shi kuma ransa biyu. Yana son tafiya, yana kuma son ya kai makarantarsu gasar jiha ta watan Maris a St. Paul, don bara a wasan ƙarshe na shiyya aka fitar da su, har yau bai huce ba. A sakandare wasa 25 ne kafin a shiga na sili ɗaya ƙwale, a USHL kuwa 62. Ba kuɗi nake tambaya ba, USHL ba a biya. Tambayata ita ce: ya tafi bana ko ya jira baɗi? Jiran zai iya sa jami'ar ta janye?

Ɗan Gopher:
Wa alaikumus salam. Baba, wace jami'a ce? In ba Minesota ba ce kada ma ya saurare su. Yaron da aka haifa a nan gidansa Mariucci, filin hokin Jami'ar Minesota. Dubi Kyle Okposo, ɗan St. Paul, mahaifinsa ɗan Najeriya. Ya yi Des Moines a USHL, aka ɗauke shi na bakwai a zaɓen NHL, babbar gasar ƙwararru, na 2006, ya sa rigar Gophers, ƙungiyar Jami'ar Minesota, kuma a 2024 ya ɗaga kofin Stanley, na zakarun NHL, da Florida. Hanyar ke nan a shimfiɗe.

Bature Fargo:
Gophers ɗin da rabonsu da kofin ƙasa tun 2003? Waɗanda Quinnipiac ta zura wa ƙwallo daƙiƙa goma da shiga ƙarin lokaci a 2023? Ka zo Grand Forks, gidan Jami'ar North Dakota, ka ga yadda ake cika filin Ralph Engelstad ranar Juma'a, sannan ka yi magana.

Ɗan Gopher:
Ku ma tun 2016 kuna jira. A 2025 Western Michigan ta ɗauka, 6 da 2 ta yi wa Jami'ar Boston, kowa ya yi shiru.

Ɗan Damagaram:
Mu dai ƙanƙara a cikin zoɓo muka san ta. Baban Sadik, kafin ya tafi ka ƙirga haƙoransa ka rubuta, in ya dawo a sake ƙirgawa.

Abu Haidar:
Baban Sadik, ɗan'uwana, ka karanta wannan da kyau, don ni abin ya ci ni.

Ɗana ɗan gaba ne. Yana shekara 16 wata jami'a a gabashin ƙasar nan ta yi masa irin alkawarin da aka yi wa naka. Suka aiko masa da hula, ya sa hoto a Instagram, muka yanka rago. Ni a zatona magana ta ƙare. Ashe cinikin biri a sama muka yi.

Bai samu USHL ba. Wani mai ba iyaye shawara, wanda nake biya dala 3,500 duk shekara, ya ce mu fara da mataki na uku, inda kai ne ke biya a sa ɗanka. Dala 11,000 na zuba a kaka ɗaya, ban da masauki. Motar haya nake tuƙawa, ku auna dare nawa ke nan. Shekara ta biyu ya haura NAHL, gasar mataki na biyu, muka ce alhamdulillah. Tsakiyar Janairu yana cikin bas suna dawowa daga wasa aka ce masa an musanya shi da wani yaro, ƙungiyar da za shi tana wata jiha. Na tuƙa awa tara cikin dusar ƙanƙara na kwashe masa kaya. Gidan farko da suka sauke shi mutanen kirki ne, matar har tukunya daban ta ware masa. Gida na biyu kuwa wata uku yaron nan ƙwai da burodi yake ci, bai faɗa mana ba sai da uwarsa ta ga wuyansa a waya ta fashe da kuka.

Duk wannan na haƙura. A Nuwamban 2024 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ce daga Agustan 2025 yaran manyan gasannin matasa na Kanada, wato OHL da WHL da ta Quebec, za su iya buga wa jami'o'in Amurka, abin da a da ba a yarda da shi ba. Ban ma san labarin ya shafe mu ba. Bayan wata ɗaya muna zaune a mota a gaban filin wasa, mataimakin kocin ya kira, yaron ya saki murya a fili don in ji. Ya yi ta yabonsa, sannan ya ce tsarinsu ya canza, ya ƙara shekara ɗaya a gasar matasa. To wace shekara? Kakarsa ta ƙarshe ke nan, shekarunsa sun cika. Sun san haka sarai. Korar ce aka naɗe a leda. Yaron bai ce uffan ba. Ya cire hular nan, ya ninke ta biyu, ya buɗe aljihun gaban mota ya tura ta ciki. Har yau tana nan, na kasa fitar da ita.

Bana zai shiga wata jami'a ta rukuni na uku, inda babu tallafin karatu don wasa. Shekararsa 21, sa'o'insa suna shirin gamawa, shi yanzu zai fara, kuma da bashi.

Maman Ummi:
Innalillahi. Allah ya musanya masa da mafi alheri, Abu Haidar. Wata uku ƙwai da burodi, wannan ne ya tsaya min a rai.

Idi Winnipeg:
Abu Haidar, Allah ya ba da haƙuri, amma dala 11,000 an cuce ka. Ɗan maƙwabcina a mataki na ukun ya yi, 7,500 suka biya har da kuɗin bas.

Abu Haidar:
Dalar Kanada ko ta Amurka? Kuma wace shekara? Ina da rasit, in kana so in turo.

Bature Fargo:
Ni kuwa 14,000 na ji daga bakin wani abokin aikina. Masaukin ma ba ɗaya ba ne, wani 400 a wata, wani 550. Sandar wasa kaɗai yanzu ta haura 300, kuma ɗan baya yakan karya biyu a wata in yana tare ƙwallo da ita.

Baban Sadik:
Na gode, amma na faɗa tun farko USHL ba a biya, sanda da masauki duk nasu ne. Abu Haidar, labarinka ya hana ni barci jiya. Sai dai naka ya fara daga mataki na uku, nawa mataki na ɗaya ne ya kira shi. Shin abin ɗaya ne?

Abu Haidar:
Koci koci ne. Bakin da ya faɗa shi zai janye.

Idi Winnipeg:
Ni shawarata daban. Tunda an buɗe ƙofa, me zai kai shi Iowa? Minesota yankin WHL ce, ya nemi can. Duk kakar da yaro ya buga musu suna biya masa shekara ɗaya ta jami'a, kuɗin makaranta da littattafai, kuma a rubuce ne. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a ƙungiyar Kamloops ta WHL ya buga. Ga Gavin McKenna, daga ƙungiyar Medicine Hat ta WHL ya fito, watan Yulin 2025 ya ce jami'ar Penn State za shi. Yanzu can kocin jami'a ke fara dubawa.

Ɗan Gopher:
McKenna ɗaya ne a duniya, Malam Idi. Kada ka auna yaron mutane da wanda aka sa ran za a ɗauka na farko a zaɓen NHL na 2026. Celebrini ma ai Chicago ya yi a USHL kafin ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2024 yana shekara 17.

Abu Haidar:
Kai Ɗan Gopher, kana da ɗa mai wasa? Ka taɓa tashi ƙarfe huɗu da rabi na asuba kana kankare gilashin mota don kai yaro atisaye? Kallo daga kujera daban, ka bar iyaye su yi magana.

Ɗan Gopher:
Ba ni da ɗa, Alhaji, gaskiya ne, kuma ina girmama ka. Amma shekara 12 ina sayen tikitin kaka, ina bin sunan kowane yaro tun daga alkawari har ya iso ko ya ɓace. Kai yaro ɗaya ka gani, ni na ga ɗaruruwa. Jami'o'in rukuni na ɗaya sittin da 'yan kai ne kacal. A da tallafi 18 ake rarraba wa ƙungiya guda, shi ya sa ake cewa rabi ko kwata. Yanzu makarantun da suka shiga sabon tsarin biyan 'yan wasa an ƙayyade musu mutum 26. Kujeru sun ragu, masu nema sun ƙaru da 'yan Kanada da masu sauya makaranta. Wanda ya zauna a sakandare yana jiran baɗi, wani zai zauna a kujerarsa.

Abu Haidar:
Ɗaruruwan da ka gani, wa ka biya wa ko sisi?

Malama Hadiza:
Ku yi haƙuri in sa baki, ɗan yayata ya bi ta nan. Akwai hanya ta tsakiya da yaran Minesota ke bi: ya je ƙungiyar USHL daga Satumba, in kakar sakandare ta kama a Nuwamba ya dawo gida ya buga da abokansa, in an gama a Maris ya koma. Ba kowace ƙungiya ke yarda ba, kuma sai makarantarsa ta daidaita masa darussa. Baban Sadik, ka kira manajan ƙungiyar da kanka ka tambaya, ka kuma tambayi kocin jami'ar 'yan baya nawa ya yi wa alkawari a shekarar ɗanka. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka samu amsarka.

Sani Kano:
Ni daga gida nake karanta ku ina mamaki. Duk wannan kuɗi da an sa yaro a ƙwallon ƙafa da yanzu yana Turai.

Ɗan Damagaram:
Sani, ƙwallon ƙafa a Minesota a watan Janairu? Ƙwallon ce za ta fara neman bargo.

Maman Ummi:
Duk kun yi ta lissafin dala da kofuna, ba wanda ya tsaya kan maganar uwar yaron. Azumin 2026 tsakiyar Fabrairu zai kama, daidai lokacin da wasa ya yi zafi. Wa zai tashe shi sahur a gidan da ba a san sahur ba? Juma'a fa, suna cikin bas? Kuma yaro baƙar fata shi kaɗai a ɗakin canza kaya, a ƙaramin gari. Ba mu manta abin da Akim Aliu, haifaffen Okene, ya fito ya faɗa a 2019 kan kalaman da kocinsa ya taɓa yi masa ba. A gida in an faɗa masa magana zai dawo ya sami uwarsa.

Idi Winnipeg:
Hajiya, Nazem Kadri Musulmi ne, a OHL ya tashi, kuma a 2022 har masallacin garinsu London ta Ontario ya kai kofin Stanley. Ana iyawa.

Maman Ummi:
Ana iyawa in an gina yaro tun a gida. To mu mun gina? Ni abin da ke ƙona min rai ke nan. 'Yata tana buga wa 'yan ƙasa da shekara 12, wasanninsu Asabar da Lahadi da safe, Islamiyyarmu ma Asabar da Lahadi da safe. Sau uku na roƙi a buɗe aji ɗaya da yamma ko daren Laraba. Aka ce min in zaɓa tsakanin Alƙur'ani da sanda, a gaban yarinyar. Ta yi kuka har gida, yanzu ba ta son zuwa ko ranar da ba wasa.

Bature Fargo:
Mu ma haka. An cire sunan ɗana daga musabaƙa saboda fashin sati uku, alhali ya fi kowa hadda a ajin.

Malam Nura:
A yi mana adalci. Mu da ke koyarwa ba a biyanmu, duk muna da aikinmu na mako, ɗakin ma haya ne na awa huɗu. In aka buɗe ajin yamma wa zai biya, wa zai zauna? Da muka kira taron iyaye a watan Afrilu mutum shida suka zo.

Maman Ummi:
Don an sa taron ranar Asabar ƙarfe goma, Malam. Lokacin muna filin wasa.

Abu Haidar:
Kuɗin da na ba mai shawarar nan da ya biya hayar ɗakin shekara guda.

Baban Sadik:
Malama Hadiza, na kira manajan, bai ɗauka ba, na bar saƙo. Ɗan yayarki da ya dawo a Maris, sun mayar da shi cikin masu wasa ko benci ya zauna? Saura kwana 16 su buɗe sansani.

Malam Nura:
Maman Ummi, in kin samo iyaye goma da za su sa hannu su kuma ba da dala 40 a wata, ni zan ɗauki daren Laraba da kaina.

Maman Ummi:
40 ta yi yawa ga mai yara uku. A yi 25 in fara kiran mutane yau.