Yadda masu tarin gita suke kula da kayansu

Da aka tattauna tsakanin masu tara gita, abin da aka fi nanatawa shi ne danshi. Katako na son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Iskar hunturu kuwa tana busar da shi har fuskar gitar ta tsage. Don haka a sayi na'urar auna danshi, a sa jiƙaƙƙen soso cikin akwatin gitar, amma kada ya taɓa katakon.

Rataye a bango yana da kyawun gani, sai dai a guji gefen taga da rana ke dukansa. Ni abin da ya fi damuna shi ne robar maratayi: tana cin fentin gitar kamfanin Gibson, gara a naɗe ta da ƙyallen auduga. Gitar da za ta daɗe a ajiye, a ɗan sassauta mata tsirkiya.