Tumatir da latas a zafin Maris: yaushe ake zuba iri?

Ƙaramin Manomi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Fangali goma gare ni a wajen Dzorwulu a Accra, ruwa na kusa. Yanzu tsakiyar Janairu, in zuba irin tumatir da latas ko in dakata?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam ɗana. Tumatir kam dakata. Ba ranar zuba iri ake dubawa ba, ranar da zai yi fure ake lissafawa, sai a ƙirgo baya. Raino sati uku zuwa huɗu, bayan dashe kuma kamar sati huɗu zuwa biyar ya fara fure. Ka zuba yau, furen zai faɗo a Maris, watan da Accra ta fi zafi. Idan rana ta wuce digiri 32, dare kuma bai sauka ƙasa da 24 ba, garin fure yakan lalace. Za ka ga ganye shar, fure na zuba, 'ya'ya babu. Mutane su ɗora laifin kan taki, alhali zafi ne.

Malam na Nima: Ƙari kan maganar Baba, a rani farin ƙuda ya fi yawa, shi ke kawo cutar nannaɗewar ganye. Tsiron da ya kamu yana ƙarami ba ya da magani, sai tugewa.

Ƙaramin Manomi: To Baba, wane wata ke nan?

Baba Mai Lambu: Zuba a farkon Yuni, ka dasa a Yuli, fure ya zo a Agusta lokacin da gari ya yi sanyi ruwa kuma ya ɗan tsagaita. Sai dai Yuni ruwan sama ya fi ƙarfi, don haka ka ɗaga wurin rainon kamar taƙi ɗaya, ka yi masa rumfa, kada ka cunkusa iri. In ba haka ba tsiron ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Zagaye na biyu ka zuba a Oktoba, fure ya haɗu da sanyin daren hunturu.

Hajiya Mai Ganye: Ni ban yarda a bar latas gaba ɗaya ba. Lokacin zafi ne yake ƙaranci a kasuwar Agbogbloshie, masu sari na bin lambu da ƙafarsu. Mai ruwa ya yi shi, amma da dabara. Irin latas yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta kai digiri 30. A jiƙa fangali sosai, a zuba da yamma, a rufe da ganyen kwakwa. Da ya tsiro a ɗaga ganyen ya zama rumfa, a riƙa rage shi, saura sati ɗaya dashe a cire duka don ya saba da rana. Dashe bayan la'asar kawai. A yanka da wuri, sati huɗu bayan dashe. In aka jira ya ƙara girma sai ya yi kara ya yi ɗaci.

Malam na Nima: Gaskiya ne Hajiya, amma kada ya cika fangali goma da shi. Uku sun isa. Sauran a ba kayan da ba sa tsoron rana: kuɓewa, ayoyo, alayyafo, yakuwa. Alayyafo sati uku zuwa huɗu an tuge. Irin kuɓewa ya kwana a ruwa kafin shuka. Na ayoyo a ƙulle a tsumma, a tsoma cikin tafasasshen ruwa daƙiƙa biyar zuwa goma, a shanya a inuwa, sai ya tsiro tare.

Yaya daga Aboabo: Mu a Kumasi ruwa ya fi na Accra yawa, yakan kuma fara tun Maris, don haka lissafinku ba zai zauna mana daidai ba. Abin da ya haɗa mu kabeji ne. A rani tsutsar ganye takan mayar da shi rariya, kuma ba ta jin feshi sosai. Wanda ya dage ya nemi iri mai jure zafi irin KK Cross, kuma kada ya dasa sabo kusa da tsohon da ba a share ba.

Hajiya Mai Ganye: Kashin kaji ma a kula. Ɗanye a zafin nan ƙona saiwa yake. A tara shi, a yayyafa ruwa, ana juyawa, ya yi wata guda kafin ya shiga fangali.

Baba Mai Lambu: Ban ruwa sassafe da yamma, ya ratsa ƙasa sosai, ba yayyafi ba. Ka tura yatsa, in tsawonsa bai ji damshi ba ruwan bai isa ba. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku tsakanin shuka, amma kada ta taɓa kara.

Ƙaramin Manomi: Allah ya saka da alheri. Ke nan latas uku, kuɓewa uku, ayoyo da alayyafo huɗu. Tattasai fa?

Malam na Nima: Shi ma furensa na zuba a zafi, bi lissafin tumatir, sai dai rainonsa ya fi daɗewa, sati biyar zuwa shida. Attarugu ya fi shi juriya.