An rage mini albashi kuma bashi uku ne a kaina, ya zan yi a sassauta mini biyan wata-wata?

Abu_Sadiq:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar bashi. A wurin aikinmu an sallami mutane, mu da muka tsira kuma aka zaftare mana albashi da alawus, kuma ba wanda ya ce ga ranar da za a maido. Ba zan faɗi ainihin kuɗin ba, amma a ɗauka da ina karɓar 100 a wata, to yanzu 65 ke shigowa. A kan wannan ma'aunin banki na bina 600 kuma 30 suke cira duk wata tun kafin in ga alat, akwai wani kamfanin bashi na waya da ke bina 100, sai yayan matata da ya ranta mini 300, shi babu ruwa babu takarda. Haya da cefane da wuta da kuɗin mota da makarantar yara in na matse iya matsewa 45 suke ci. Kun ga in banki ya ɗauke 30 saura 35, ko gida bai riƙe ba balle sauran biyun.

Har yanzu ban tsallake wata ko ɗaya ba amma wlh wata mai zuwa ban san ta inda zan ɓullo ba. Wani ya ce in ci sabon lon in rufe na waya, wani ya ce in canja layi kawai. Abin da ya fi damuna abokin aikina ne ya tsaya mini garanto a bankin, ba na so a taɓa shi. Shin banki na sauraron mutum in ya je ya ce a rage masa? In suna saurara me zan ce musu?

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Na yi aiki a ɓangaren karɓo bashi, to bari in gaya maka yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren teburin. Eh suna saurara, ba don tausayi ba, don lissafi. Kai mutum kotu kuɗi ne da lokaci, ba wa kamfanin karɓar bashi aikin ma sai an yanka musu kasonsu, shi ya sa wanda ke biyan kaɗan ba fashi ya fi musu wanda ya ɓace. Kuma wannan da ka ce ba ka tsallake wata ba tukunna shi ne babban makaminka, ka je YANZU, domin da zarar fayil ɗinka ya koma hannun masu bin waɗanda suka gaza biya, muryar da za a yi maka magana da ita daban ce.

Amma kar ka je hannu rabbana kana cewa a taimaka a rage mini. Duk wanda ya zo da wannan maganar su za su yanka masa adadi, kuma adadin da ya yi musu za su yanka. Ka ɗauki takarda ɗaya, sama ka rubuta abin da ke shigowa, ƙasa abin da dole ya fita, haya, abinci, wuta da ruwa, kuɗin zuwa aiki, magani, makaranta. Waɗannan su ne gaba da kowane mai bin ka bashi, saboda in aka kore ka daga gida ko ka kasa zuwa aiki ba wanda zai samu ko sisi. Har abin da ake biya sau ɗaya a shekara ka raba shi 12 ka sa, mutane nan suke mantawa sai lissafin ya rushe a wata na huɗu. Kai ka ce 45, saura 20 ke nan. To wannan 20 ɗin ita ce gaba ɗaya abin da kake da shi na biyan bashi, ba 30 ba, ba 25 ba.

Sai ka raba ta gwargwadon abin da kowa ke bin ka. Jimillar bashinka 1000, banki na da 600 wato kashi 60 cikin 100, zai samu 12. Yayan madam 6, na waya 2. Amfanin wannan rabon shi ne ba wanda zai ce ka fifita wani a kansa, kuma ka nuna wa kowannensu takardar. Ka haɗa da wasiƙar rage albashi daga wurin aiki da sitatimen na wata uku.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami. Ban san ruwan da ke kan lon ɗinka ba, amma mu ƙaddara kashi 2 cikin 100 ne a wata. Kashi 2 na 600 nawa ne? 12. Wato in suka yarda ka riƙa ba da 12 ba tare da an taɓa ruwan ba, za ka shekara goma kana biya uwar kuɗin na nan 600 ko gezau. Saboda haka abin da za ka roƙa ba rage biyan wata ba ne kaɗai, ka ce a tsayar da ruwa da tarar jinkiri na wata shida, ko a rage ruwan, bayan nan a sake zama a duba. Ba lallai su ba ka duka ba, tara ce suka fi saurin yafewa, ruwa sai an ja, amma in ba ka tambaya ba ba wanda zai ɗauko maka zancen.

Abin da za su fara miƙo maka shi ne tsawaita wa'adi, don shi ba ya rage su da komai. Misali bashin 1000 a kan ruwan kashi 2 a wata, in wata 12 ne kana biyan kusan 95, ruwan da za ka biya gaba ɗaya kusan 135. In aka mai da shi wata 24 biyan ya sauko kusan 53, ka ji daɗi, amma ruwan ya zama kusan 269, ya ninka. Ban ce kar ka karɓa ba, wani lokacin numfashin da za ka samu ya cancanci kuɗin, amma ka sa su rubuta maka jimillar da za ka biya daga yau har ƙarshe kafin ka sa hannu. Haka in suka ce ka huta wata uku ba biya, tambaye su ruwan na ci gaba da hawa a watannin? Yawanci yana hawa, kuma wasu kan ɗora shi kan uwar kuɗi ya koma shi ma yana haifar ruwa.

Dan_Gaske:

Kai malam duk wannan dogon turanci ne. Ka buɗe akawun a wani banki ka ce wa ofis su riƙa tura albashinka can, ka cire layin da 'yan lon ɗin waya suka sani, shi ke nan ka huta. In abubuwa sun daidaita ka biya su.

Malam_Habu:

Dan_Gaske ka manta akwai garanto? Ranar da kuɗi suka daina shigowa wuyan bawan Allahn nan za a kama, abin da sa hannunsa ke nufi ke nan, in mai bashi ya gaza shi zai biya. Sannan lon ɗin albashi galibi akwai sharaɗi a takardar cewa albashin zai ci gaba da shiga wurinsu, in ka janye shi a ɓoye ka karya yarjejeniya, kuma da yawan takardun na ba su damar neman dukkan kuɗin a lokaci guda. Ga sunanka da zai shiga rajistar waɗanda ba sa biya, gobe ko wani wuri ka je neman rance za a gani. Ruwa da tara kuma ba sa tsayawa don ka kashe waya.

Gaskiya ɗaya da ke cikin maganarka, in mutum na da wani ɗan ajiya a bankin da ke bin sa, a ƙasashe da yawa bankin na da ikon ɗiba daga ciki ya biya kansa. To kuɗin cefane da haya gara kar su kwana a can. Wannan daban ne da guduwa.

Maman_Iman:

Sannu Abu Sadiq, Allah ya rufa asiri. Ka daina jin kamar kai kaɗai ne, bashi hanji ne yana cikin kowa. Na yarda da Malam Habu a kusan komai amma wannan rabon na 12 da 6 da 2 gsky bai kwanta mini ba. Na waya fa shi ne ƙarami amma shi ne mai dafi, ruwansu ya fi na banki nesa ba kusa ba kuma wasu kullum suke ɗora tara, in kana ba su 2 a wata kafin ka waiga 100 ta zama 150. Shi kuwa yayan matarka kuɗinsa ba ya haihuwa, 300 ɗin yau ita ce 300 ɗin baɗi. Ni da ni ce, zan je in same shi da kaina, ba ta waya ba kuma ba ta bakin matata ba, in nuna masa takardar nan in ce Yaya ga halin da ake ciki, ina roƙon ka ɗaga mini ƙafa zuwa wata kaza, in haɗa kasonsa da na wayar ya zama 8 in kashe wancan tukunna, in ya mutu duka 8 ɗin ta dawo wurinsa. Ka ga ya ma fi 6 ɗin da zai samu.

Amma ka faɗa masa wata takamaimai, kar ka ce in Allah ya hore kawai ka yi shiru, abin da ke ɓata zumunci ba jinkirin ba ne, shirun ne da kauce wa haɗuwa. Kuma ku rubuta ko da ba ya so. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma kafin ita kaɗan aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Sai dai wannan kar ka je kana karanta masa, shi ya kamata ya tuna da kansa.

Batun sabon lon don rufe tsoho kuwa a'a. Sai fa in ruwan sabon ya yi ƙasa sosai da na tsohon kuma ka lissafa har kuɗin da suke cira wurin bayarwa, wanda da wuya mai ragaggen albashi ya samu irin wannan.

Injiniya_Bash:

Ƙari kaɗan kan 'yan waya. Kar ka yi ciniki da yaran da ke kira suna ihu, ba su da ikon rage ko kwabo, kamasho suke nema. Ka tura imel ga kamfanin ka nemi su rarrabe maka nawa ne uwar kuɗi nawa ne ruwa nawa ne tara. Sau da yawa in ka ce ga uwar kuɗi da wani abu a kai zan biya a rufe, suna karɓa, amma sai sun rubuto cewa wannan adadin ya rufe bashin GABA ƊAYA kafin ka tura, in ba haka ba su karɓe su ce saura. Kuma a asusun kamfani za ka biya, ba na wani ma'aikaci ba, ka ajiye rasit.

In suka fara barazanar tura wa mutanen wayarka saƙo, ka ɗauki hoton allo ka ajiye. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobin waya da hotunan mutane, kana iya kai ƙararsu can da kuma hukumar kare masu sayayya ta ƙasarku. Wannan bai sauke maka bashin ba fa, cin mutuncin kawai yake tsayarwa.

Abu_Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wlh har na ji kaina ya ɗan sauka. Hajiya zan bi shawararki kan Yaya. Malam Habu tambaya biyu, in na ce 12 suka ce sam sai 20 fa? Ina jin kamar in amsa kawai don a rabu lafiya. Sannan garanto ɗina in gaya masa ne ko in bari sai an gama?

Malam_Habu:

Kar ka amsa. In ka amsa 20 ka biya wata biyu ka faɗi a na uku, ka zama wanda ya karya alkawari sau biyu kuma zama na gaba ba za su yarda da takardarka ba. Ka tura musu takardar ka ce su nuna maka layin da za a cire 8 ɗin daga ciki. In wanda ke gabanka ya ce ba shi da iko, ka nemi a haɗa ka da sashen da ke sake tsara bashi, ka miƙa buƙatarka a rubuce a buga maka hatimi a kwafinka. Ko sun ƙi, ka ci gaba da kai ƙorafin a rubuce kana ajiye amsoshinsu, in magana ta kai gaban hukuma ko alƙali wannan fayil ɗin ne zai nuna ba gudu ka yi ba. Za ka iya sa musu da cewa in an maido albashi ko ka gama da na waya za ka ƙara, wannan na sa su sassauto. In ka bi tsarin Maman Iman ka faɗa musu gaskiyar yadda ka raba, kar su gani a sitatimen.

Garanto kuwa yau ɗin nan ka gaya masa, kafin banki ya kira shi. Wasu bankunan ma ba za su canja sharuɗɗan ba sai ya sake sa hannu, ka ga dole ya sani. Ka je da kwafin takardar lon ɗin ta asali ku karanta sashen garanto tare, ku ga ko duka bashin ya tsaya wa ko wani kaso.