Lemon tsamina ya ƙi yin 'ya'ya, tumatir kuma gindinsa na yin baƙi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar shuka ku agaza min. Na shuka ƙwayar lemon tsami a ɗan filin bayan ɗaki, yanzu ya fi ni tsawo, amma sai ƙaya da ganye, ko fure bai taɓa yi ba. A ƙarƙashinsa na dasa tumatir da na'a-na'a. Tumatirin yana 'ya'ya, sai dai kafin ya nuna gindinsa ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗana masa garwashi. Na'a-na'a kuwa ta mamaye ko'ina. Maigida ya ce a sare lemon kowa ya huta. In sare?

Wani malamin gona:
Wa alaikumus salam Malama. Kar ki sare. Lemon da aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara 5 zuwa 10 kafin ya fara fure, yawan ƙayar nan ma alamar ƙuruciya ce. Mai aure, wato wanda aka ɗaura wa reshen wani lemon, shi ne ke ba da 'ya'ya cikin shekara 2 ko 3. Ki nemi wanda ya iya aure ya ɗaura miki reshen bishiyar da ta riga ta fara haihuwa. Kuma ki daina datse masa kai in kina yi, don a rassan sama furen farko ke fitowa. Yawan takin yuriya ko kashin kaji ma ganye zai yi ta ba ki.

Wata Hajiya:
'Yar uwa, baƙin gindin tumatir rashin sinadarin kalsiyam ne. Ki daka ɓawon ƙwai ki barbaɗa.

Malamin gona:
Hajiya, gaskiyarki a kan kalsiyam, amma ɓawon ƙwai sai ya yi watanni bai narke ba. Galibi sinadarin na nan a ƙasa, ruwan da zai ɗauke shi zuwa cikin 'ya'yan ne ba ya samuwa daidai. Yau a bar ƙasa ta bushe ƙamas, gobe a malala mata ruwa. Ga kuma saiwar lemo da ke shimfiɗe kusa da saman ƙasa tana shanye rabon tumatirin.

Hajiya:
To Malam, na karɓa. Amma dai ta tsinke waɗanda suka lalace, ba sa warkewa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Ke nan raba su zan yi?

Wata Inna:
Raba su, 'yata. Tumatir na son rana ta awa 6 zuwa 8, inuwar bishiya ba wurinsa ba ne. Sa shi a buhu ko bokiti mai huji a ƙasa, ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Kafin ban ruwa ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari sai gobe. Ita kuwa na'a-na'a ba ta da kunya, ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo, guntun saiwa ɗaya kika bari sai ta dawo. Tumɓuke ta da hannu, ban da fartanya, kar ki ji wa saiwar lemon rauni. Tukunyarta daban, kuma ki ɗora tukunyar a kan bulo, in ba haka ba ta hujin ƙasa za ta sulale.