Satifiket ɗin tallan magani: damfara ce ko gata?

Ɗan Rijiyar Zaki: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Na gama digiri a kimiyyar ƙananan halittu, na yi bautar ƙasa, aiki shiru. Sai na ci karo da wani kwas na intanet, wai kana gamawa za a ba ka satifiket na ƙwararre a tallan magani, kamfanoni su riƙa rububinka. Na ci bashi na biya, na haddace rukunonin magunguna da yadda suke aiki a jiki. Intabiyun da na je kwanan nan, ko kallon takardar ba su yi ba. Tambayarsu: ka iya tuƙi? Ka san asibitocin Kano da Jigawa? Na ce waɗannan satifiket damfara ce. Mai ja ya fito.

Famasis Abban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, gyara maganarka tukuna. Talla? Goro ake talla. Wakilin kamfanin magani yana zama da likita ne ya yi masa bayanin maganin, adadin da ake sha, illolinsa, da wanda bai kamata a ba shi ba. Tun da ka kira shi talla, na gane dalilin da suka ƙi ka.

Mai Kemis: To Malam, in ba talla ba ce mece ce? Kullum suna shagona da jaka da kalanda da biro, suna roƙon in ɗauki katan biyu kafin ƙarshen wata. Don mutum ya ɗaura nakatayel ba ya hana shi zama ɗan talla.

Famasis Abban Hanifa: Waɗanda suke zuwa wurinka daban. Lasisinka na ƙananan magunguna ne da ba sa buƙatar takardar likita. Ba a aiko muku masu bayanin maganin hawan jini.

Mai Kemis: Ka ji su ko? Raini ya fara. PCN, hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna, da ta ba ka lasisi ita ta ba ni nawa.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri, ni na yi wannan aikin kafin in yi aure. Kowa da gaskiyarsa. Da safe kana ƙofar ofishin likita kana jira a gama ganin marasa lafiya don ka sami minti biyar. Da rana kana wurin diloli kana bin bashin kayan da suka karɓa. Ƙarshen wata kuma manaja ba ya tambayar likita nawa ka ilimantar, kuɗin da ya shigo yake dubawa. Horon gaskiya kamfanin da ya ɗauke ka ne yake ba ka, a kan nasa magungunan. Ɗan uwa, digirinka ya isa ka nema. Ka yi lasisin tuƙi, ka koyi tsayawa gaban mutane ka yi bayani.

Sarkin Yaƙi: Hajiya da kanki kin ce bin bashi. Ashe dai talla ce har da dillanci.

Maman Ilham: Duk abin da na rubuta, wannan kaɗai ka gani?

Famasis Abban Hanifa: Irin wannan tunanin ne ya kai mu ga bala'in kodin. Kun manta binciken BBC na 2018, da aka nuno ma'aikacin kamfanin magani yana sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi? Wanda ya ɗauki kansa ɗan talla, kowa ya miƙo kuɗi zai ba shi. Shi ya sa nake cewa a bar aikin nan ga masu harhaɗa magunguna.

Sarkin Yaƙi: Wato mu da muka karanta kimiyyar sinadarai mu ne 'yan kodin? Janye maganarka.

Baba Na Fagge: Ku masu lasisin ai ku kuka haɗa kai da NAFDAC aka rufe mana shaguna a Sabon Garin Kano a 2024, aka ce sai mu koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Tun kafin a haife ka muke wannan sana'a.

Famasis Abban Hanifa: Ranka ya daɗe, umarnin kotu ne. Kuma magani ba a jibge shi cikin zafin kasuwa kamar atamfa, lalacewa yake yi.

Baba Na Fagge: Kuɗin shagon can kai za ka biya mana?

Mai Kemis: Faɗa masa dai Baba.

Ɗan Rijiyar Zaki: Jama'a, maganar satifiket fa nake yi.

Bazazzagi: Yaro ka bar wahalar da kanka. Ko manyan kamfanonin magani na waje tafiya suke yi: GSK ta sanar da tattara komatsanta daga Najeriya a 2023, Sanofi ta bi bayanta, duk sun miƙa rarraba kayansu ga wasu kamfanoni. Ka nemi na gida irin su Emzor da Fidson da May & Baker. Af, a ina ma ka yi karatun? Da ABU ce da tuni an ɗauke ka.

Sarkin Yaƙi: An zo wurin. Ko maganar farashin gero ake yi sai kun sako Zariya.

Bazazzagi: Gaba dai gaba dai.

Admin: Ya isa haka, na rufe zaren. A matsayina na wanda ya shekara yana harhaɗa magunguna, ga abin da aka cim ma: mafi yawan masu magana sun yarda aikin nan ba talla ba ne, ilimi ne, kuma masu lasisin PCN suka fi cancanta da shi. Kwas na 'yan makonni ba ya mai da mutum famasis, ba ya ba shi izinin buɗe shagon magani. Batun Dangwauro kotu ta gama magana. Sarkin Yaƙi, wannan ne gargaɗinka na ƙarshe.

Mai Kemis: Mafi yawa su wa? Ku biyu ne fa.

Ɗan Rijiyar Zaki: Hajiya Maman Ilham, don Allah duba saƙonki, na turo miki takarduna.