Neman kalma: "efficacité énergétique" da tallafin da ake bayarwa dominta, me za mu ce da Hausa?

Mai fassara a rediyo, Tahoua:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai jimlar Faransanci da ke yawan fitowa a takardun makamashi: *subvention pour l'efficacité énergétique des ménages à faible revenu*. Wutsiyar jimlar ba ta da wuya, "gidajen masu ƙaramin ƙarfi" ya wadatar, kuma ya fi "matalauta" mutunci a kunnen mai sauraro. Inda gizo ke saƙa shi ne *efficacité*. Wasu na cewa "ingancin makamashi", wasu "tsimin wuta", wasu "tattalin makamashi". Wanne za a faɗa tsohuwa a Keita ta gane ba sai an biyo shi da dogon bayani ba?

Injiniyan lantarki, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. "Inganci" a cire shi tun yanzu. In ka ce wa magidanci wutar nan ba ta da inganci, abin da zai ji shi ne tana zuwa da rauni, fanka na juyawa da ƙyar, ko ana yawan ɗauke ta. Wannan maganar NIGELEC ce, kamfanin wutar Nijar, da layukanta, ba maganar cikin ɗaki ba.

Sannan abu biyu ne ake haɗawa. Kashe ƙwai in an fita daga ɗaki, rage awannin fanka, wannan shi Faransawa ke kira *sobriété*: ka haƙura da wani abu don kuɗi su ragu. *Efficacité* ba haƙuri a cikinta. Hasken yana nan yadda yake, iskar tana nan, abin da mita ke ƙirgawa ne ya ragu. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, mai wat 60, haskensa kusan ɗaya ne da na LED mai wat 9. Bambancin wat 51 ke nan. A kunna awa 6 kowane dare, cikin wata an tsira da kilowat-awa 9 da ɗan ɗoriya a ƙwai guda, huɗu kuma kusan 37. Fankar sama ta gargajiya tana cin wat 70 zuwa 75, sabuwar mai inji marar buroshi wajen 30. A watan Afrilu da take kwana tana juyawa, ka ce awa 12, bambancin ya kai kilowat-awa 16 a wata. Tunda farashin kilowat hawa yake mataki-mataki, wannan ragin kan iya sauko da gida daga matakin tsada zuwa na ƙasa. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki wannan: aikin bai ragu ba, cin ne ya ragu.

Hajiya mai aikin murhu, Tahoua:
Injiniya, abin da ka bayyana ai mata suna da sunansa tun kaka da kakanni. Auki ke nan. Shinkafa mai auki, ka zuba tiya guda ta cika tukunya. Sabulu mai auki. Garin da ba shi da auki, uwargida ta san shi tun daga talge. In aka ba mace murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ko na laka irin Albarka, ba ta cewa ta yi tsimi, cewa take "itace yana auki a murhun nan". Ɗaurin da kan ƙare kwana biyu a kan duwatsu uku sai ya kai uku.

Kuma dalilin a bayyane yake. A murhun duwatsu uku iska na kwashe harshen wutar gefe, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin ba. Murhu mai bango yana tilasta wa zafin ya bi jikin tukunyar ya hau. Amma da sharaɗi: ratar da ke tsakanin tukunya da bangon kada ta wuce kaurin yatsa, wajen santimita guda. In aka ɗora tukunya lamba 2 a murhun lamba 5, zafin ya bi ta ratar ya tafi, an koma gidan jiya. In ratar ta matse kuma hayaƙi ya rasa hanya, wutar ta shaƙe. Shi ya sa rabon murhu ba tare da an tambayi lambar tukunyar gidan ba yake ƙarewa da murhu a bayan ɗaki, kaji na kwana ciki.

Ni dai "aukin makamashi" nake gani.

Malamin Hausa, Yamai:
Hajiya ta kawo magana. Ga abin da zan ƙara. Tsimi da tattali duka halin mutum ne, shi ke yin su, to su tafi wajen *sobriété*: "tsimin makamashi". (Ko da yake a bakin wasu "tsimi" na tuno da wani abin sha daban, mai karanta labarai ya riƙe fuskarsa.) Auki kuwa ba halin mutum ba ne, hali ne na abin da ake amfani da shi, kuma nan ne ya dace.

Sai dai a kula da inda ake rataya shi. Abin da ake ci shi ke auki, ba mai cin ba. Ba a cewa "firigo mai auki", don mai ji zai ɗauka ya daɗe bai lalace ba, wato ƙarko. Wutar ce ke auki a cikinsa. Don haka "firigo mai aukin wuta", "murhu mai aukin itace", ko a sauƙaƙe "mai ƙarancin cin wuta". A babban suna kuma "makamashi" ya fi "wuta", don ya haɗa itace, gawayi, gas da kuran gaba ɗaya, asalinsa ma abin hura wuta ne.

Injiniyan lantarki, Yamai:
Na yarda, Malam. Kuma auki zai raba mu da wani ruɗanin: da an ce *efficacité* sai mutane su ce a kawo faranti mai hasken rana. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 ta 2023 ƙarin wuta ne, ba auki ba. Kana iya samun wutar rana ka ɓarnatar da ita a tsohon firigo mai saki a robar ƙofa.

Baba magini, Tahoua:
Yara, kun tsaya kan ƙwai da fanka, kun manta ɗakin kansa. A ƙasashen sanyi tallafin nan don a tsare ɗumi a ciki ne. Mu namu a hana zafi shigowa ne, kuma ta sama yake shigowa. Kwano tsirara da tsakar rana a bazara yana kai digiri 70, yana gasa na ƙasa har bayan isha'i. Fanka a irin wannan ɗaki iska mai zafi kawai take juyawa.

Gyaran da ke aiki uku ne, kuma a jere suke. A wanke kwanon a shafa masa farin fenti mai jure rana, hannu biyu. In ba a wanke ƙurar da tsatsar ba, damina ɗaya zai ɓare, kuma ko ya kama, bayan hunturu sai an sake wankewa don jar ƙura ta rufe shi. Sai silin, a bar rata mai kyau tsakaninsa da kwano. Sai na uku wanda kowa ke tsallakewa: ƙofofin iska a bango biyu masu fuskantar juna, sama da silin, da raga a bakinsu. In ba su, zafin ya taru a ratar ya sauko da dare. In an yi su ba raga, jemagu su tare. Tagar yamma kuma a yi mata rumfa daga waje, ko da zana ce, labulen ciki kaɗan yake hanawa tunda zafin ya riga ya shigo. Wanda zai yi sabon gini, soron ƙasa mai kaurin bango har yanzu ba a kada shi ba.

Duk wannan ya shiga "auki"? Ba abin da ake ci a bango.

Malamin Hausa, Yamai:
Ya shiga, Baba. Bangon ba ya ci, amma saboda shi wutar da fanka ke ci ta yi auki. "Gyaran gida don aukin makamashi."

Mai fassara a rediyo, Tahoua:
To saura *subvention*. Tallafi, rangwame, gudunmawa ko agaji?

Injiniyan lantarki, Yamai:
Agaji na ambaliya ne da fari, a bar shi can. Rangwame kuma sassauta farashi ne, kamar a rage kuɗin tukunyar gas mai kilo 6. Abin da jimlarka ke nufi kuɗi ne da ba a biya, amma an ɗaure su da wani aiki takamaimai. Faransa ta raba su sarai: *chèque énergie*, da ya game ƙasar a 2018, na taimaka wa gida biyan takardar wuta ne, MaPrimeRénov' kuwa da aka fara a 2020 na biyan aikin gyara ne, adadin na bin ƙarfin gidan, kuma sai ma'aikaci mai shaidar da hukuma ta amince da ita ya yi aikin. Amurka tun 1976 take da irin wannan shiri ga masu ƙaramin ƙarfi. Can ma ba a damƙa wa mai gida kuɗi, mai bincike ne ke fara zuwa ya auna inda makamashi ke zurarewa, sannan ma'aikata su yi aikin, a dawo a duba.

Don haka "tallafi", amma duk lokacin da aka faɗe shi a biyo da "ba bashi ba ne, kuma ba kuɗi a hannu ba ne". In ba haka ba rabin mutane su guje shi don tsoron kuɗin ruwa, rabin su yi layi suna jiran jika-jika.

Wuraren da irin wannan shiri ke karyewa a wajenmu sanannu ne. Gidan haya mai mita guda, inda ake raba kuɗin wata da ƙidayar ƙwai da fanka: wanda ya sa LED zai biya daidai da mai tsohon ƙwai, to don me zai canza? Sai an koma raba kuɗin da wat, ko kowane ɗaki ya samu ƙaramar mita. Na biyu, mai gida ba zai sa silin ba don ba shi ke kwana a zafin ba, ɗan haya kuma ba zai gyara ginin wani ba, in ma an gyara da tallafi sai kuɗin haya ya hau. Na uku, LED na banza. Ba fitilar ke mutuwa ba, ɗan abin da ke daidaita wuta a gindinta ne ke ƙonewa saboda zafi da hawa da saukar kuran. A duba lumen, wato ma'aunin haske, a kwali, wajen 800 ga ɗaki, ba wat kaɗai ba, a kuma nemi mai ɗaukar bolt daga ƙasa da 100 har sama da 250. UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta fitar da umarni a 2020 kan manna takardar shaidar cin wuta a jikin ƙwai da kayan lantarki sababbi, shirin tallafi sai ya ƙi sayen abin da ba shi da ita. Na huɗu, in an ba da sabon firigo a karɓe tsohon, in ba haka ba ya koma zaure ana sayar da ƙanƙara, gida ya tashi da firigo biyu.

Hajiya mai aikin murhu, Tahoua:
A ƙara da wannan, Injiniya: a rubuta sunan mai girkin, ba na mai gidan kaɗai ba. Gidan mata biyu murhu biyu ne, kowacce da tukunyarta.

Mai fassara a rediyo, Tahoua:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na tsara: *efficacité énergétique*, aukin makamashi. *Sobriété*, tsimin makamashi. Jimlar duka: "tallafin gyaran gida don aukin makamashi ga masu ƙaramin ƙarfi". A karon farko zan biyo shi da "wato wuta da itace kaɗan su yi aikin mai yawa".

Baba magini, Tahoua:
Ɗana, "gyaran gida" ɗin nan zai jawo maka aiki. Ka faɗe shi a watan Satumba, duk wanda damina ta kayar wa katanga zai zo da takardarsa. Ka ambaci abubuwan da sunansu: rufi, silin, taga, murhu, ƙwai, fanka.

Malamin Hausa, Yamai:
Gaskiyar Baba. To a cire shi daga sunan, a bar "tallafin aukin makamashi" kawai, jerin kayan ya biyo baya a jimla ta biyu. Malam mai fassara, ka gwada shi a shirin da masu sauraro ke kiran waya. In ka ji suna maido maka da shi da bakinsu, a tura wa na Maraɗi da Damagaram su ma su gwada, don a ji ko "makamashi" na wucewa a can ko sai an ce "wuta da itace".