Wane suna za mu raɗa wa "prairie" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa ɗaliban makarantarmu ta dā labarin ziyarar da na kai jihohin Kansas da Nebraska a tsakiyar Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Mutanen can suna kiran ƙasarsu "prairie", kalmar da suka ara daga Faransanci. Ba na son in zuba wa yara ita haka ɗanya, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Ga abin da idona ya gani, don ku auna da kanku. A tuddan Flint da ke Kansas akwai wani gandu na gwamnati kusa da garin Strong City, an keɓe shi a 1996, faɗinsa ya kusa eka 11,000. Na shiga a watan Satumba. Gabas da yamma, kudu da arewa, babu bishiya sai 'yan tsiraru a bakin rafi. A wani kwari ciyawar ta shanye ni har kai. Na karyo kan guda ɗaya na duba, ya rabu gida uku kamar sawun talotalo, karan kuwa sak na gamba. Daga baya na tabbatar dangi ɗaya suke da gambarmu ta zana, masana tsirrai suna kiran dangin Andropogon. Can nesa ga garken ɓaunar Amurka, wadda aka maido wurin a 2009. Irin wannan doguwar ciyawa ta taɓa rufe eka miliyan 170, yau abin da ya saura bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan nan, domin duwatsun ƙasar sun hana garma shiga.

Wasunku sun riga sun turo mini sunayen da suke ganin sun dace, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam, na ga ka ce daji ko jeji. Na gode, amma ka ce wa yaron Gumel "daji", sai ya hango kalgo da sabara da ƙaya. Abin da ya bambanta wurin nan kuwa shi ne rashin itace.

Yaya, fako bai dace ba ko kaɗan. Fako ƙasa ce da ta ƙeƙashe ta ƙi tsiro. Wannan baƙar ƙasa ce mai albarka, wadda tun da garmar ƙarfe ta John Deere ta fito a 1837 aka bi ta ana kifewa, har ta zama rumbun masara da alkama. Saura ma haka, saura gona ce da aka huta da ita.

Hajiya ta kawo dausayi, kuma wallahi kalmar ta yi mini daɗi a baki. Sai dai dausayi yana tafe da danshi da kore. Wannan wuri yana bushewa ƙayau, kuma da wuta yake rayuwa. Makiyayan tuddan Flint suna cinna masa wuta da gangan bayan sanyi ya wuce, ta cinye ƙananan itatuwa, ciyawar kuma ta sake tohowa daga saiwarta mai nisa a ƙasa. Kalmar "makiyaya" ma, wato wurin kiwo, da wani ya ambata aikin wurin take faɗi, ba kamanninsa ba.

Da na ga "filin ciyawa" na ɗan tsaya. Ma'anar daidai ce. Amma fili a kunnenmu yanzu ya zama abin da ake yankawa a sayar, ko inda ake buga ƙwallo. Ya yi wa wurin kaɗan.

Ni zuciyata ta kwanta da sararin ciyawa. Sarari shi ne abin da ya fara kama ni da na sauka daga mota, sama ta sauko ta haɗe da ƙasa ta kowace fuska. Kuma sunan yana karɓar ƙari ba tare da wahala ba: sararin doguwar ciyawa a gabas inda ruwa ya fi yawa, sararin gajeriyar ciyawa a yamma wajen duwatsun Roki.

Tun da kuna nan, ga ƙanwar matsalar, wato "pioneer", sunan da suke kiran Turawan farko da suka kutsa yammacin Amurka don su zauna. A yammacin Nebraska na tsaya gaban dutsen Chimney, wani tsiri siriri da ya tashi kamar mita 90 a kan kwarin kogin Platte ta Arewa. Shi ne alamar da ayarin kekunan shanu masu bin hanyar Oregon suke hange tun daga 1840 da 'yan kai. Gaba kaɗan a Scotts Bluff har yau ana ganin kwarin da ƙafafun kekunansu suka ci. Waɗanda suka zauna kuwa, da ba su sami itacen gini ba, sai suka riƙa yanko fatar ƙasa da saiwoyinta suna jerawa kamar tubali, ciyawar tana kallon ƙasa.

Kawu ya ce a kira su masu saran gari. A wurinmu wanda ya sari gari mutum ne mai daraja, ya shiga inda babu kowa. Nan kuwa akwai masu wuri. Sunan Kansas kansa daga ƙabilar Kaw ya fito, kuma a 1873 aka kwashe su aka kai yankin da ya zama Oklahoma. Ga ƙabilar Pawnee, ga ta Lakota. Dokar da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 cewa ta yi mutum ya kama eka 160, ya yi gini, ya noma, ya zauna shekara biyar, ƙasa ta zama tasa. To ai Hausa tana da sunan wannan tuntuni: 'yan kama-wuri-zauna. Ban raina wahalar da suka sha ba, sun binne 'ya'yansu a bakin hanya saboda kwalara. Amma wannan sunan ne ba zai ɓoye wa yara komai ba.

Da waɗannan biyun zan rubuta. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, in akwai wata tsohuwar kalma ta makiyaya a wajenku da ke nufin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa marar itace, don Allah ku turo kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.